Virgin Queen: wasan da ya cinye mana Asabar guda

Wani abokinmu ne da ke karatu a waje ya taho mana da shi tsaraba, kwali ne mai nauyi kamar an zuba bulo a ciki. Wasan tebur ne na kati da taswira, sunansa Virgin Queen, kamfanin GMT Games ya fitar da shi a 2012. Maganar gaskiya da na buɗe na ga taswira da tulin kati da 'yan ƙananan kwalaye birjik sai da na ce wannan ai jarrabawa ce aka kawo mana.

Labarin Turai ne daga 1559 zuwa 1598, lokacin da Katolika da Furotesta suke ta kashe juna. Mutum 6 ke bugawa, kowa ya ɗauki ɓangare guda: Sifen, Ingila, Faransa, Turkawan Usmaniyya, daular Jamusawa sai kuma Furotesta. Ni Faransa ta faɗo min kuma wlh na sha wuya, don shi mai Furotesta ba shi da wata ƙasa tashi tsayayya, a cikin gidanka yake zaune yana juya maka garuruwa ɗaya bayan ɗaya, yau ya tada bore nan gobe ya koma Holan ya addabi Sifen, kana ji kana gani.

Kowane kati ko dai ka kashe makinsa wajen tara soja, ko ka buga abun da ke rubuce a jiki. Akwai na kisan ranar Saint Barthélemy, kisan da Katolika suka yi wa Furotesta, wanda ya faru a Paris a watan Agusta 1572 kwanaki kaɗan bayan ɗaurin auren Henri na Navarre, ɗan Furotesta, da ƙanwar sarkin Faransa, 'yar Katolika, auren da aka yi don sulhu fa. Da katin ya zo hannuna sai da na ɗan yi jim, dubban mutane aka kashe a lokacin, ni kuma ga shi ina lissafin maki. Na dai buga abuna.

Inda ya fi daɗi shi ne wajen ƙulla yarjejeniya kafin a fara zagaye. Mutum biyu su fice tsakar gida suna ƙus-ƙus, a haɗa auren 'ya'yan sarakuna, a sha alwashi, zagaye na gaba kuma wanda ya rantse maka shi zai fara kawo maka hari. Har yanzu ban huce da mai Ingila ba.

Matsalarsa tsawo. Littafin dokokin ya haura shafi 40 kuma da Turanci, mun zauna ƙarfe 10 na safe, aka yi azahar aka yi la'asar, magariba ta same mu ba mu gama ba. Sannan kar ka kuskura ka kunna fanka, iska ta watsa mana rabin sojan Sifen ƙarƙashin kujera.

In ba ka da mutum biyar masu haƙuri da tebur babba, ka riƙe kuɗinka ka ci gaba da dara. Mu dai mun sa ranar ramuwa, kuma wannan karon Furotesta zan ɗauka.