eTrex 32x ko GPSMAP 67: wanne za ka sa a aljihu ka shiga harra?

Wa alaikumus salam ƙanena. Ka ce zuciyarka ta rabu tsakanin eTrex 32x da GPSMAP 67, na'urorin GPS na hannu na kamfanin Garmin, don shiga farauta a harra, wato filin baƙin dutsen aman wuta a nan Saudiyya, kuma wani ya gaya maka waya ma ta isa. Ka sayi 32x. In kuɗin 67 ɗin na hannunka, ragowar ka zuba su a batira masu kyau, da katin taswira na asali, da ƙarin jarkar ruwa.

Nawa 32x ɗin shekara huɗu ke nan yana hannuna, robar gefensa har ta yi santsi saboda riƙo. Bari in ba ka labarin ranar da na daina yi masa kallon kayan ƙawa.

Mun fita ni da ɗan yayata kudu da Madina, gefen Harrat Rahat, can nesa da iyakar harami, lokacin da aka buɗe farauta. Wanda ya san wurin ya san mota ba ta shiga ciki, don baƙin dutsen nan yanka taya yake yi kamar wuƙa. Shi ne dutsen da wuta ta taɓa fitowa daga cikinsa a 654 bayan hijira, wato 1256, har ta doso gari. Muka ajiye mota a bakin wani kwari mai itatuwan ƙaya. Kafin in rufe ƙofa na yi abin da na saba: na danna maɓallin gaba na riƙe, na sa wa wurin alama, na rubuta masa suna MOTA. Muka bi kurciyoyi daga wannan itace zuwa wancan, ba wanda ke lissafin tafiya. Bayan la'asar iska ta tashi da ƙura, ba guguwa mai ƙarfi ba, irin hazon nan mai ja da ke shafe tsaunuka. Tsaunin da muka riƙe a matsayin shaida ya ɓace. Duk inda ka juya baƙin dutse ne iri ɗaya. Yaron ya ciro wayarsa, ashe tun ɗazu ta rubuta masa cewa ta yi zafi sai ta huce, ga caji ya kusa ƙarewa saboda neman sabis da take ta yi. Ya nuna yamma ya ce, "Kawu, wallahi nan muka bar ta." Ni ma zuciyata can ta ba ni. Na duba na'ura, kibiya ta nuna kusan bayanmu, ta ce kilomita 2.4.

Ban bi kibiyar kai tsaye ba, kuma wannan nake so ka riƙe. Kibiya hanyar tsuntsu take nunawa, ba ta san akwai rami ko tarin dutse mai kaifi a tsakani ba. Na buɗe TracBack, wanda ke mayar da kai kan sawun da ka taka, muka bi siririn layin nan lanƙwasa bayan lanƙwasa. Muna tsakiyar hanya alamar batir ta yi ƙasa. Na zauna a kan dutse, na murɗa zoben baya, na zare biyun da ke ciki, na kwance tocilata na sa nata. Ko minti biyu ba a yi ba ta dawo, sawunmu na nan bai goge ba. Muna isa mota rana na faɗuwa. Yaron ya dafa murfin motar ya daɗe bai ce komai ba, sannan muka yi alwala muka yi magariba a wurin.

Abin da ya sa nake fifita shi ke nan, batirin AA guda biyu. Kamfanin ya ce suna kaiwa awa 25. A zafinmu, in kana yawan kunna hasken fuska, ka ɗauka ƙasa da haka. Amma batir ne da kowace baƙala, wato ƙaramin shago, da kowane gidan mai a hanyar Khaibar ko ta Yanbu ke sayarwa, kuma guda huɗu a aljihun jallabiya ba ka ma jin nauyinsu. Na'urar kanta gram 142 ce har da batira, tana ɓacewa a tafin hannu. Da maɓallai ake sarrafa ta, ba shafa fuska ba, don haka gumi da ƙura ba sa ruɗa ta. Fuskar inci 2.2 ce, amma irin wadda rana ke ƙara wa haske, tsakar rana ma ta fi karantuwa. Tana kama taurarin ɗan adam na GPS na Amurka da GLONASS na Rasha. Tana da kamfas na lantarki, wanda ko kana tsaye yana juyawa, da ma'aunin tsawo mai aiki da matsin iska. Waɗannan biyun su ne suka raba ta da ƙanwarta 22x. Cikinta gigabait 8, ga gurbin katin microSD a ƙarƙashin batira.

Ba zan ɓoye maka aibinta ba. Tsohon yayi ce, tun 2019 aka fito da ita a kan jikin da ya girme ta. In ka ja taswira sai ta yi ɗan nawa kafin ta zana. Wayar haɗinta tsohuwar mini USB ce, in ta ɓata sai ka yi ta nema. Rubuta suna da ɗan maɓallin gaba mai kama da sanda harafi bayan harafi sai da haƙuri, kuma in ka jefa ta aljihu haka kawai maɓallin na dannuwa, sai ka tarar ta cika maka alamomin da ba kai ka sa ba. Mai raunin ido zai sha wahala da ƙananan rubutunta. A harra kuma, baƙin dutsen kansa yana da maganaɗisu, yakan karkatar da kamfas in ka ɗora na'urar a kansa, haka ma kusa da jikin mota ko bindiga. Ka ɗaga ta a hannu, ka yi 'yan taku, sai ka gaskata ta. Duk lokacin da ka canza batir ka sake daidaita kamfas ɗin.

Shi kuwa 67, ba laifi. Wani abokin fitarmu na da shi, na riƙe na gani. Fuska inci 3, cajinsa ɗaya kamfanin ya ce awa 180, kuma yana karɓar saƙon taurari ta zango biyu, abin da ke taimakawa a kwazazzabai masu zurfi irin na tsaunukan Sarawat wajen Ɗa'if da Abha. In can kake yawo ko kana kwana bakwai a daji, ka duba shi. Amma gram 230 ne da eriya a tsaye, batirinsa a rufe yake ciki, ga tsada. A fili irin namu da sama ke buɗe daga gabas zuwa yamma, na tsaya kafaɗa da kafaɗa da mai shi, duka biyun wurin mota ɗaya suka kai mu.

Batun batir a rufe ina da tabo a kansa. Kafin wannan na taɓa sayen wata na'ura a wani shago, marar suna sananne, mai fuskar shafawa da batir na ciki, don mai shagon ya rage min kuɗi sosai. Bazara ɗaya ta yi a motata. Batirin ya kumbura har ya ɗaga murfin baya, na koma shagon aka ce babu irinsa. Ban ce 67 haka yake ba, ko kusa, aikinsa daban ne. Sai dai kowane batirin lithiyam mai caji ba ya son zafi, ba a son a yi masa caji in ya wuce digiri 45, kai kuwa ka san yadda cikin mota ke zama a Yuli. Tun daga ranar na fi natsuwa da abin da zan buɗe da hannuna in canza.

Maganar waya: ka tafi da ita, ka sauke taswira a ciki tun kana gida, fuskarta ta fi kowace na'ura daɗin kallo. Ita ma tana kama taurari ko babu sabis. Amma ta zama ta biyu. Abin da kake kira da shi, kake haska hanya da shi, kake ɗaukar hoto da shi, kada ya zama shi kaɗai ne ya san inda motarka take.

Akwai wanda na ji yana cewa in ka ɓata za a gano ka ta GPS ɗinka. Ba haka ba ne, kuma wannan kuskuren na iya cin rai. Na'urar saurare kawai take yi. Taurarin suna can sama wajen kilomita 20,200 suna aiko da lokaci, ita kuma in ta ji aƙalla huɗu sai ta lissafa inda take. Shi ya sa ba ta buƙatar layi, ba intanet, ba kuɗin wata. Amma ba ta aika komai ga kowa, 32x da 67 duka. Mai aika saƙo shi ne 67i ko inReach Mini 2, masu bi ta taurarin Iridium da biyan kuɗin rajista, ko wayar Thuraya da masu raƙuma suka saba da ita. In za ka sayi irin waɗannan ka tambayi matsayinsu a dokar ƙasar nan kafin ka biya. In babu, ka bar wa na gida lambobin GPS na wurin da za ka da lokacin da za ka dawo, domin in an kira 911 ko 'yan sa-kai irin su Injad a san inda za a fara nema.

Lambobin nan ma a yi hattara da su. Ana rubuta su iri-iri: digiri da ɗigo, ko digiri da minti. In wani ya turo maka 24.30 ka shigar da shi a matsayin digiri 24 da minti 30, ka kauce da minti 12, kuma kowane minti ɗaya daga kudu zuwa arewa kilomita 1.85 ne. Ka ga kilomita 22 ke nan a cikin dutse. Ku zauna da abokan fitarka ku daidaita tsari ɗaya, kowa ya bar ma'aunin taswirarsa a kan wanda ake kira WGS 84. Ni na ajiye Ka'aba a cikin tawa, 21°25.35' arewa, 39°49.57' gabas. In lokacin salla ya yi a inda ba mu san gabas ba, sai in ce ta kai ni can, kibiya ta nuna alƙibla. In an idar kada ka manta ka mayar da ita kan MOTA.

Yanzu masu sayarwa. Ba ka tambaya ba amma sai na faɗa, don an cuci mutanenmu da yawa, musamman wanda aka ga Larabcinsa bai nuna ba. 22x da 32x jikinsu ɗaya ne, akwai mai sa ƙaramar a kwalin babbar. Kada ka yarda da kwali. Ka sa batir a gabansa, ka shiga saiti wurin bayanin na'ura ka karanta sunanta, ka gwada lambar jikinta da ta kwali. Sannan ka buɗe shafin kamfas ka juya a tsaye: in bai juya tare da kai ba, ba 32x ba ce. Ka leƙa gurbin batira da tocila. In ka ga fari-fari ko kore a kan ƙarafunan, batir ya taɓa zubewa a ciki, tsohuwa ce aka goge. Ka duba robar da ke zagaye da murfi, ita ce ke hana ruwa da ƙura, in ta tsage ka ajiye masa kayansa. Ka fita da ita bakin shago ka ga ta kama taurari da idonka, kada ya ce maka rufin kasuwa ne ya hana.

Sai taswira. Kowace na'ura da yankin da aka loda mata. Wadda aka shigo da ita daga Amurka ko Turai za ka kunna ka ga ƙasarsu cike da hanyoyi, ka zo kan Madina ka tarar kusan fili. Ka ce ya nuna maka Khaibar da Hanakiyya a fuskar kafin ka ƙirga kuɗi. Masu cewa "na sa maka taswirar sahara kyauta" yawanci kwafi ne a kati mai arha, ranar da ya lalace ba ka da wurin kai ƙara. Ka karɓi fatura, wato rasit, mai lambar na'urar da takardar garanti. Wanda ya ce zai rage maka in ka haƙura da fatura, ka yi masa sallama. In an cuce ka, layin Ma'aikatar Kasuwanci 1900 ne, kuma da faturar za su saurare ka. Masu talla a intanet da ke cewa ka tura kuɗi tukuna, ko rabi kada ka tura.

Batira kuma ka sayi masu caji na NiMH ko kuwa na lithiyam marasa caji, ka gaya wa na'urar irin wanda ka sa a cikin saiti don ma'auninta ya faɗi gaskiya. Na alkalin in sun daɗe a zafi zubewa suke yi. In ka dawo gida ka zare su.

Tunda farauta ce, ka fitar da izininka ta dandalin Fiɗri na Cibiyar Kula da Namun Daji ta Ƙasa, ka karanta irin tsuntsayen da aka yarda da su da ranakun bana, don jami'an tsaron muhalli suna zagayawa kuma tarar ba ƙarama ba ce. Gandun da aka killace irin Mahazat as-Said ba a shiga. Haramin Makka da na Madina kuwa ba sai na tuna maka ba, wannan tsakaninka da Allah ne kafin hukuma. Ni duk inda na ga allon iyaka a hanya nakan tsaya in sa masa alama, yanzu tawa ta cika da su, in ka zo sai in zuba maka a taka.

In ta iso kada ka fara gwada ta a harra. Ka zo da ita ranar Juma'a bayan la'asar mu fita bayan gari, ka sa wa mota alama da hannunka, mu yi tafiyar rabin awa, kai za ka dawo da mu. Ka taho da batira huɗu.