Gwajin HLA-G ko na gudajin jini: wanne ya cancanci kuɗin mai yawan ɓari a Kumasi?

Mace ta yi ɓari sau biyu ko uku a Aboabo ko Asawase, tun ba ta gama murmurewa ba an fara turo mata lambobin waya. Wata ta ce ga mai magani, wata ta ce ga ɗakin gwajin da ke auna "garkuwar mahaifa", har da wani abu wai shi HLA-G. Ba kowane gwaji katin inshora ke ɗauka ba, don haka 'yar'uwa, gara ki san abin da za ki saya.

HLA-G ba ƙarya ba ne, shi ya sa ma yake da daɗin talla. HLA wasu sunadarai ne da ke saman ƙwayoyin jikinmu, kamar Ghana Card ɗin da kowace ƙwaya ke nuna wa garkuwar jiki. Manyansu, A da B da C, sun bambanta ƙwarai tsakanin mutum da mutum, dalilin da ya sa ake gwada su kafin dashen ƙoda ke nan. To ɗan tayi rabinsa daga uba yake, me ya hana jikin uwa ya yaƙe shi? Masanin kimiyya Peter Medawar ya yi wannan tambaya tun 1953. A 1990 aka gano cewa ƙwayoyin mabiyiya masu kutsawa bangon mahaifa suna ɗauke da HLA-G. Ba sa nuna A da B, sai C da E da G. Su E da G ba su cika bambanta tsakanin mutane ba, aikinsu kwantar da garkuwa ne. HLA-G na kama wata mashiga mai suna ILT2 a jikin ƙwayoyin NK, waɗanda kisa ne aikinsu, sai su dakata. HLA-E kuma yana riƙe ɗan guntu daga sauran HLA ya nuna wa wata mashigar ƙwayoyin NK mai suna NKG2A, alamar cewa ƙwayar lafiya lau take. 

Duk wannan a bangon mahaifa yake faruwa, ke kuwa a hannu za a ɗebi jininki. Ƙungiyar likitocin haihuwa ta Turai, ESHRE, a ƙa'idojinta na 2017 ba ta ba da shawarar gwajin HLA ga mai yawan ɓari ba, kuma ko sakamakon ya zo ƙasa babu maganin da aka tabbatar zai ɗaga shi. Gwajin NK na jini ma haka yake, domin NK na mahaifa daban suke da na jijiya. Allurar fararen ƙwayoyin jinin miji da ake yi wa mace da sunan hana ɓari kuwa, tun 2002 Amurka ta hana yin ta sai a bincike.

Ni dai zaɓina gwajin antifosfolifid ne, wato na gudajin jini. Shi ma matsalar garkuwa yake nema, amma wadda aka san kanta: jiki na ƙera sinadaran da ke sa jini ya yi gudaji, su kuma lalata mabiyiya. A takardar likita za ki ga lupus anticoagulant da anticardiolipin. Abin da ya sa nake son sa, yana da magani: ƙaramin asfirin da allurar hefarin mai tsinka jini lokacin ciki, ƙarƙashin kulawar likita. Sai dai sau biyu ake yin sa. In na farko ya nuna, a maimaita bayan mako 12, saboda zazzaɓi ko wata cuta kan iya ɗaga shi na ɗan lokaci. Ki ware kuɗin biyun tun farko. Kuma ki fara da likitan mata, a Komfo Anokye ko wani asibitin da kika amince da shi, shi ya rubuta gwajin. Sikanin mahaifa da gwajin TSH na tayirod (ƙullin da ke gaban wuya) suna biye, ga sauƙin kuɗi. Kusan rabin ɓarin farkon ciki kuskuren kuromosom ne, wato ƙunshin ƙwayoyin gado, a tayin kansa, ba laifinki ba ne, ba na mai gida ba.

Macuta fa sun fi gwaje-gwajen yawa. Na'urar nan da ake sa ki riƙe ƙarfe a tafin hannu, kwamfuta ta zazzago miki ciwo talatin, ba ta auna HLA ba ta auna komai. Masu garin "ƙara garkuwa" ma su ba ni wuri: ciki haƙurin garkuwa yake buƙata, ina amfanin hura ta? Ki duba lambar rajistar FDA, hukumar abinci da magunguna ta Ghana, a jikin kowane magani.

Wanda ya fi ci mini rai shi ne "za mu tura jininki waje". Wani ɗakin gwaji ya yi wa ƙanwata haka. Takardar da ta dawo ba sunan inda aka auna, ba sa hannu, sai lambobi tsirara, likita ya ce ba zai iya aiki da ita ba. Tun daga nan nake tambaya kafin a taɓa hannuna: a ina za a auna, wane gari, sunan wurin zai fito a takarda? Ina lasisin HeFRA, hukumar da ke ba asibitoci da ɗakunan gwaji izini? In aka ce ki tura kuɗi ta MoMo zuwa lambar wani mutum babu rasit, ɗauki jakarki. Wanda ya ce ki fara hefarin bayan gwaji ɗaya, ko ma ba gwaji, ki guje shi, maganin na iya sa zubar jini. Ki kuma kalli kwalbar da aka zuba jinin: na lupus anticoagulant mai shuɗin murfi ce, kuma ba ta jiran gobe kafin a sarrafa ta. In kina shan maganin tsinka jini, ki faɗa musu tun kafin su ɗiba, domin yana rikita sakamakon.