Cire turmi a wani asibitin haƙori a Kano: hannun likita da kyau, amma sun ja min wahalar banza

Turmina na ƙarshe, na ƙasa ta hagu, bai gama fitowa ba. Ya kwanta a karkace yana tokarin na kusa da shi, dasashi ya rufe rabinsa, abinci na maƙalewa a ciki. Da aka ɗauki hoto, likitan ya ce wannan ba na fizgewa ba ne, sai an tsaga.

Aikin kansa ba ni da abin cewa. Allurar kashe zafi ta kama sosai, rabin leɓena da harshena duk suka yi nauyi. Ya tsaga dasashin, ya ɗan rage ƙashin da ya riƙe haƙorin, ya raba shi da inji, ya fito da shi gutsure-gutsure, sannan ya ɗinke. Dannawa kawai nake ji. Kafin ya kunna injin ma sai da ya ce, "Hajiya, za ki ji ƙara yanzu, kar ki tsorata." Na fito ina sa masa albarka.

Wajen karɓar magani ne aka cuce ni. Ma'aikaciyar ta miƙo min Amoxicillin da Flagyl da ibuprofen, idonta na kan waya, ta ce da na isa gida in fara kurkure baki da ruwan ɗumi da gishiri, "sosai-sosai". Haka na yi a daren.

Bayan kwana biyu zuwa uku wani ciwo ya taso wanda ya ninka na farko. Zugi daga muƙamuƙi har cikin kunne, baki na wari, magani ba ya ko taɓa shi. Na kwana zaune riƙe da kunci. Da na koma, likitan ya leƙa ya ce gudan jinin da ke toshe ramin ya fita, ƙashi ne a buɗe iska na bugunsa. Wai awa 24 na farko ba a kurkure, ba a tofar da yawu da ƙarfi, ba a zuƙar abu da tsinke, ko a alwala a hankali ake yi. Ruwan gishirin sai washegari. To wa ya faɗa min? Ya wanke wurin, ya cusa wani magani mai ƙamshin kanumfari, kafin in kai bakin titi zugin ya fara sauka.

Abin da ya fi ƙona min rai, sai da suka sa na sake biyan kuɗin ganin likita da na wankin. Da na yi wa ma'aikaciyar magana cewa ta yi, "Ai kowa haka nake faɗa masa." Ko sannu babu. Shi ma likitan da nake ta yabo, "za mu duba" kawai ya ce ya kira na gaba. Yanzu da na zauna na yi tunani, shi ma da nasa laifin: mutum ya tsaga maka baki, ya kasa tsayawa minti biyu ya faɗa maka yadda za ka kula da wurin, ko ya ba ka a rubuce? Duk kuɗin nan da suke karɓa?

Da har na tura wa ƙanwata kwatancen wurin, na kira ta na ce ta dakata. Cire zaren ɗinkin ma wani asibitin na je.