Sabulun fuska mai tsada ko na kemis: abin da na gani da fuskata

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Sabulun wanke fuskar nan na ƙasar waje da kika ce an yi miki kuɗinsa naira 25,000, shawarata ita ce ki mayar da kuɗinki jaka, domin na riga ki bin wannan hanyar kuma ban ji daɗinta ba.

Shekaru uku da suka wuce, ana saura mako biyar bikin ƙanwar maigidana, na shiga wani shagon kayan kwalliya na sayi irinsa a kan naira 14,000, kuɗin da a lokacin ya isa cefanen kwanaki. An naɗe shi a lallausar takarda cikin kwali mai ruwan zinare, mai shagon kuma ta rantse mini cewa kafin ranar kamu ba za a gane ni ba. A watan Disamba ne, hunturu ya kankama, iskar nan da ke kaɗowa da asuba tana fasa leɓe. Kwana huɗu da fara amfani da shi, fuskata ta ɗaure tamau kamar fatar ganga, gefen hancina ya yi fari yana saɓa, hoda kuma ta ƙi zama, sai dai ta taru a inda fatar ta yi gautsi. Iyakar yabon da zan yi masa shi ne yana da ƙamshi, kuma kwalinsa yana da ƙwari, don har yau a ciki nake ajiye allura da zare.

Wadda ta warware mini matsalar wata ƙawata ce da muka yi karatu tare a Samaru ta Zariya, wadda aikinta haɗa magunguna ne. Da ta zo gidana na nuna mata, ba ta ko shinshina sabulun ba, bayan kwalin ta juya ta karanta jerin abubuwan da aka haɗa shi da su, sannan ta yi dariya ta ce man ja ne da man alayyadi aka dafa da soda, aka zuba turare da ɗan launi. Wato dai hanyar da ake yin sabulun wanka na gama-gari ce. Ta bayyana mini cewa fatar mutum tana da ɗan tsami-tsami na halitta, wanda a ma'aunin pH, wato ma'aunin tsami mai tashi daga 0 zuwa 14, yake kaiwa wajen 5 zuwa 5.5, kuma wannan tsamin tare da siririn maiƙon da ke saman fata su ne ke tsare danshi da hana ƙwayoyin cuta sakewa. Duk sabulun da aka dafa da soda kuwa yana wajen 9 zuwa 10 ne a wannan ma'auni, ko a Faransa aka yi shi ko a Legas, saboda haka yana wanke dattin ya haɗa da maiƙon da fatar ke buƙata. Ta ƙara da wani abu da ban taɓa lura da shi ba: mu da muke alwala sau da yawa a rana, fuskarmu tana shan ruwa fiye da ta mutanen da aka yi wa waɗannan sabulai talla, don haka ƙarfin sabulu ya fi saurin nunawa a jikinmu, balle a hunturun Zariya.

Washegari ta aiko mini da farin sabulun Dove marar turare, irin wanda aka yi don fata mai saurin jin ciwo. A gaskiya na raina shi da farko, domin ba shi da wani kwarjini, kumfarsa ma santsi gare ta kamar madara. Amma irin wannan ba da soda kaɗai ake yin sa ba, da wasu sinadaran wanki masu laushi ake haɗa shi, waɗanda ke kusa da tsakiyar ma'aunin, kuma tun 1957 ake sayar da Dove na asali a Amurka. A dare na uku na wanke fuska na goge, na zauna ina jiran ɗaurewar nan da na saba ji, sai ban ji komai ba. Kafin ranar biki saɓar ta tsaya. Tun daga lokacin nake raba guda ɗaya gida biyu da wuƙa, in ajiye rabi a busasshen faranti nesa da bokitin wanka don kada ya narke a banza, kuma rabin nan yakan kai ni mako shida. Hajiyarmu ma, wadda ta shekara hamsin ba ta yarda da komai ba sai sabulun salo, yanzu idan na je gaishe ta a cikin birni takan tambaye ni ko na zo mata da “farin nan”. Sabulun salo kuwa ban rage shi da komai ba, yana fitar da maiƙo sosai a lokacin zafi, sai dai shi ma da ruwan toka ake yin sa, don haka mai busasshiyar fata ta yi hattara da shi daga Nuwamba zuwa Fabrairu.

Ki kuma yi la'akari da cewa sabulu ba ya wuce minti ɗaya a fuska kafin a ɗauraye shi. Zinare ko ruwan fure ko wani man itace mai wuyar suna da aka rubuta a kwali, mafi yawansu magudanar ruwa suke bi tare da kumfa. Abin da kike biya shi ne turare, kwali, tallar da aka yi da fitattun mata, kuɗin jirgi da na kwastam, da kuma canjin dala da ya yi tashin gwauron zabo tun da aka saki darajar naira a 2023. Inda kawai nake ganin ƙarin kuɗi yana da hujja shi ne idan kuraje ne ke damun ki, domin akwai abin wanke fuska mai ɗauke da magani na gaskiya, kamar sinadarin salisilik kashi 2 cikin 100. Shi ma ana samunsa a kemis, kuma gara ki je asibitin koyarwa na Shika likitan fata ya duba ki kafin ki fara.

Ba ki tambaya ba, amma dole in ja kunnenki game da masu sayarwa. Da yawa daga cikin abin da ake kira sabulun waje a nan ake cura shi, a buga masa kwali mai sheƙi, wasu kuma su haɗa nasu a ɗaki su zuba a roba marar suna su ce “haɗin amare” ne. Duk wanda ya ce miki sabulu zai haskaka ki cikin mako ɗaya, to ki san akwai abin bilicin a ciki, ko zaiba mai lalata ƙoda, ko sinadarin sitiroyid da ke sirantar da fata har jijiyoyi su fito, su bar nankarwa da baƙin tabo a kumatu. Matsalar ta kai hukumar NAFDAC ta ayyana bilicin a matsayin babbar barazana ga lafiyar 'yan ƙasa a 2023. Sanannun sabulai masu sauƙin kuɗi ma ana yin jabunsu, don haka ki duba lambar rajistar NAFDAC, da jerin kayan haɗi, da ranar ƙarewar aiki, ki kuma guji wanda rubutunsa ya dushe ko farashinsa ya yi araha fiye da kima.

Ki shiga babban kemis da kika yarda da shi a Sabon Gari ko Tudun Wada, ki sayi sabulu mai laushi marar turare, ko na ruwa irin su Cetaphil idan fatarki busasshiya ce ƙwarai. Ki wanke sau biyu a rana da ruwan ɗumi, da tafin hannu ba da soso ba, ki shafa mai tun fuskar da sauran danshi. Canjin da ya rage ki sayi man kariya daga rana da ɗan man kaɗanya mai kyau, su ne ke wuni a kan fata. Ki ba shi mako huɗu kafin ki yanke hukunci, kuma kada ki haɗa shi da wani sabon mai a wannan tsakani, don ki san wanne ne ya yi aikin.