Kajin silki a zafin Garwa: sun ci kuɗinsu?

Duk wanda yake shirin sayen kajin silki, wato kajin nan masu laushin gashi kamar siliki, don ƙwai ko don nama, ya riƙe kuɗinsa ya shiga kasuwa ya zaɓi kajin gida. Amma mai son abin kiwon da zai zauna ya kalla bayan la'asar, ko mai ƙwan zabi da yake neman wadda za ta kwanta masa, wannan sharhin nasa ne. Nawa sun haura shekara a hannuna a nan Garwa ta ƙasar Kamaru, ban yi da-na-sani ba, sai dai akwai abubuwan da hoton talla ba ya nunawa.

A wurin wani makiyayi na wajen Bafusam na saye su, mun haɗu a zauren masu kiwo na WhatsApp. Ya turo su cikin kwali mai huji ta mota, suka biyo ta Ngaundare suka iso da ransu, ƙishirwa kawai ta galabaitar da su. Kuɗin guda ɗaya zai sayi kajin gida da dama, ban da kuɗin mota. A watan Nuwamba na karɓe su, kuma shawarata ke nan ga kowa: kajin da suka tashi a sanyin tsaunukan yamma, a bar su su fara da hunturu kafin Maris ya same su. Mun yi ciniki a kan zakara ɗaya da mata uku, da suka girma sai biyu suka yi cara. Ban ɗora masa laifi sosai ba, domin silki ba ya nuna jinsinsa da wuri, yakan kai wata huɗu zuwa shida kafin a tabbatar. Mai son tabbas ya ƙara kuɗi ya sayi manya.

Ranar da suka iso, wata dattijuwa maƙwabciyarmu ta leƙo ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Malam, wannan kaza ce ko mage?" Ba ita ta fara faɗa ba. Marco Polo, matafiyin nan na ƙarni na 13, ya ba da labarin kaji masu gashi irin na mage da ya gani a ƙasar Sin, inda asalinsu yake. Wasu kuma sun ɗauka fingi ne, alhali ba su haɗa komai ba. Gashin silki ba shi da 'yan ƙugiyoyin da ke haɗa zaren gashin tsuntsu ya zama fiffike mai ƙarfi, shi ya sa yake a warwatse da laushi. Daga nan duk halinsu ya samo asali: ba sa tashi sama, kuma ruwa ba ya zamewa daga jikinsu.

Kafin ka biya, ka sa a nuna maka ƙafa a bidiyo. Silki na gaske yatsu biyar ne da shi a kowace ƙafa, ba huɗu ba, ƙafar kuma da gashi. Fatarsa baƙa ce, kunnensa shuɗi, zankonsa dunƙulalle mai duhu, ga tukku a ka. Idan aka haɗa shi da zakaran gida, 'ya'yan fari suna fitowa da gashin kaza na yau da kullum, ko da sun ɗauko duhun fata ko yatsa na biyar. Akwai masu sayar da irin waɗannan a farashin na asali.

Ƙwai kam ba a magana. Ba sa farawa sai sun kai wata bakwai zuwa tara, ƙwan ƙanana ne, kuma wadda ta yi ƙoƙari ita ce mai ba da wajen 100 a shekara. Dalili shi ne ba su da aiki sai kwanci. Kaza ta yi 'yan ƙwai kaɗan sai ta shige kwando ta lafe, ko an kwashe ƙwan tana nan a kan ciyawa.

To wannan kwancin shi ne ya mayar mini da kuɗina. Da damina zabina suna zuba ƙwai ba sa kwanciya a kai yadda ya kamata, injin ƙyanƙyasa kuwa a garin da wuta ke ɗaukewa caca ce, sai in kana da sola. Ƙwan kaza kwana 21 yake yi, na zabo 26 zuwa 28, kuma silki tana zama har ƙarshe ba ta gajiya. Za a ce ai kazar gida ma tana yi, kuma kyauta. Gaskiya ne. Bambancin da na gani shi ne silki tana komawa kwanci sau da yawa a shekara, tana bari ka sa hannu ƙarƙashinta ka duba ƙwai ba ta sare ka ba, ba ta jan 'yan zabi cikin raɓa zuwa bayan gida, kuma in ka tura mata 'yan tsakin wata da dare takan karɓe su. Jikinta ƙarami ne, kilo ɗaya ko sama kaɗan, don haka ba na wuce ƙwan zabi takwas. Inda kazar gida ta fi ta nesa ba kusa ba shi ne faɗa da shirwa. Tukkun silki yana rufe mata ido, ba ta ganin abin da ke sama, ba ta kuma iya tashi ta tsere wa kare ko muzuru. Sai da na lulluɓe filinsu da raga, na kuma rage musu gashin gefen ido da almakashi.

Zafin Maris da Afrilu, lokacin da Garwa ke haura digiri 40, sun jure shi fiye da yadda na zata, amma da hidima. Akurkinsu yana ƙarƙashin dalbejiya, rufin zana ne ba kwano ba, ruwan randa nake canza musu safe da rana da yamma, ina kuma yayyafa ruwa a yashin da suke kwanciya. Mai kwanci a wannan lokaci sai an riƙa ɗaga ta ta sha ruwa, in ba haka ba sai ta rame a kan ƙwai. Damina ta fi ba ni wahala. Ruwan Agusta in ya doke su sai su jiƙe har fata su kama rawar ɗari, dole a goge su da tsumma a shigar da su ɗaki, gashin ƙafa kuma ya kwashi taɓo ya daskare. Ƙuma ma tana samun maɓoya a wannan gashi, shi ya sa ba na raba su da kaskon toka da yashi.

Rigakafin cutar Newcastle, annobar nan da ke share kajin unguwa da hunturu, ba abin wasa ba ne ga kaza mai wannan tsada. Mu a nan mun yi sa'a, LANAVET, cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa da ke Bokle kusa da mu, tana haɗa allurar rigakafin kaji, sai dai kwalba ɗaya ta kaji masu yawa ce kuma in an buɗe ba ta ajiyuwa, don haka muke haɗuwa da maƙwabta a yi rana ɗaya. Silki kuma yana da rauni ga cutar Marek mai shanye ƙafa, wadda ake yi wa rigakafi tun ranar ƙyanƙyasa. Ka tambayi mai sayarwa ko an yi. Abinci ba su da ci: abincin kaji na buhu, tsakin masara ko na muskuwari (dawar rani), ɗan garin busasshen kifi, da gara ga 'yan tsaki.

Zakaran da ya yi mana yawa mun yanka shi. Fata baƙa, ƙashi baƙi, naman ma da duhu. A Sin farfesunsa abin marmari ne da ake ba mai jego da marar lafiya, amma a gidana uwargida ta dafa ta ture mini kwanon, yara kuma suka ce ba za su ci Alhaji ba, sunan da suka sa masa ke nan saboda farin tukkunsa. Ɗanɗanon bai yi nisa da na kazar gida ba, tsokar ce kaɗan. Zakara na gaba da ya yi yawa sayar da shi zan yi, an riga an fara tambaya daga Marwa.