Hattara da masu tallar man saifires a matsayin maganin basir

Jama'a, assalamu alaikum. Akwai wata 'yar kwalba da ake ta tallatawa a Facebook da TikTok da zaurukan WhatsApp da sunan man saifires, wasu kuma su ce man sarwu, da sunansa na Larabci, don ya fi shiga rai. Wai yana tumɓuke basir daga tushe, yana sace jijiyoyin ƙafa da suka kumbura, yana maganin asma da hawan jini. Wasu har cewa suke a ɗiga a ruwan ɗumi a sha safe da yamma. Don Allah kada ku tura kuɗinku, kuma ko kyauta aka ba ku kada ku sha.

Man kansa ba ƙarya ba ne. Itacen saifires dogo ne siriri, ana samunsa a ƙasashen bakin tekun Bahar Rum, irin su Faransa da Sifen da Italiya da Maroko. Ganyensa da ƙananan rassansa ake turarawa da tururi a tatso mai, kuma sai an tara ganye mai yawa kafin a samu ɗan kaɗan, shi ya sa na gaskiya ba ya araha. Masu magani da ƙamshi suna sa shi a na'urar turara ɗaki, ko su ɗiga kaɗan cikin man kwakwa ko na zaitun su yi tausa. A maganin gargajiyar can an daɗe ana shafa shi don nauyin ƙafa da yawan zufa. Iyakarsa ke nan. Babu wani ingantaccen gwaji a kan mutane da ya tabbatar yana warkar da basir, balle hawan jini.

Abin da ya fi ci mini rai, sau da yawa abin da ke cikin kwalbar ma ba shi ba ne. Babban sinadarin wannan mai, alfa-finin, shi ne dai ke cikin tafentain, wanda masu fenti ke tsinka fenti da shi, kuma yana da arha. To mai son zuciya ba ya shan wahala: ya samu man girki, ya zuba abin da zai ba shi ƙamshin itace, ya liƙa takarda mai hoton koren ganye. Wata 'yar'uwa ta nuna mini nata. Kwalbar roba ce fara, babu sunan kamfani, babu ranar lalacewa, babu sunan itacen na kimiyya, Cupressus sempervirens, wanda masu sayar da na ƙwarai ke rubutawa. Muka ɗiga a farar takarda muka ajiye. Na ainihi kan bi iska ya bushe. Wannan har washegari maiƙonsa na nan kamar an naɗe ƙosai. Ita kuwa ta riga ta shafa a ƙwaurinta, fatar ta yi ja ta feso da ƙuraje.

Na gaskiya a kwalbar gilashi mai duhu yake zuwa, galibi mililita 10, domin haske da iska na ɓata shi, kuma idan ya tsufa shi ma yana ƙona fata. Duk wanda ya nuna muku babbar gora a farashin katin waya, kun san amsar.

Za su ce muku nasu "mai darajar asibiti" ne. Babu wata hukuma da ke ba da wannan daraja, kalmar talla ce. Ko a Amurka, a shekarar 2014 hukumar kula da abinci da magunguna ta ƙasar, FDA, ta aika wa kamfanonin doTERRA da Young Living takardar gargaɗi saboda dillalansu na cewa irin waɗannan mayuka na maganin Ebola da ciwon daji. Idan kuma aka ce ku sayi kaya ku shiga ƙungiya, ku kawo mutum uku ku ma ku riƙa samun kaso, to kuɗin rajistarku ake nema. Ku tambayi lambar NAFDAC, ku bincika da kanku. Mai gaskiya ba ya fushi da tambaya. Wanda ya nace sai an biya duka kafin ya sa kaya a mota, ba shi da shago ba shi da adireshi, ana tura kuɗi zai toshe layi.

Haɗarin ya wuce asarar kuɗi. Jinin da ke fita ta dubura ba kullum ne basir ba, yana iya zama ciwon hanji mai tsanani, kuma watannin da aka ɓata ana shafe-shafe ba sa dawowa. Ƙafa ɗaya da ta kumbura tana zafi tana iya zama jini ne ya daskare a jijiya, tausa kuwa na iya tura gudan zuwa huhu. Masu juna biyu su nisance shi, a kuma ɗauke shi daga inda hannun yara ke kaiwa.

Idan wani ya riga ya sha, kada a sa shi amai, kada a ɗura masa manja ko madara, domin man na iya faɗawa huhu. A kai shi asibiti nan take tare da kwalbar. Wanda kuma aka cinye wa kuɗi, ya adana rasit da hoton hirarsu, ya je bankinsa da wuri ya shigar da ƙorafi, sannan ya sanar da 'yan zauren da ya ga tallar.