Zaɓin Taimako ga Yaron da Ke Fama da Disleksiya

Yaron da ke da disleksiya yakan fahimci darasi sarai idan an yi masa bayani da baki, amma ya cije a gaban rubutu, domin ƙwaƙwalwarsa na shan wahala wajen haɗa harafi da sautinsa. Kafin iyaye su kashe kuɗi, ya kamata likita ya duba ji da ganin yaron, don a tabbatar ba nan matsalar take ba.

Mafi sauƙin samu shi ne malamin lesin, sai dai idan aikinsa bai wuce maimaita aikin gida ba, yaron zai haddace shafi ne kawai, a ɗauka ya iya karatu. Wanda ya cancanci kuɗin shi ne malamin da ya samu horo a koyar da sauti daki-daki, irin tsarin Orton-Gillingham da aka fara a Amurka a shekarun 1930, inda yaro ke kallon harafi, ya furta sautinsa, ya zana shi da yatsa a kan yashi, kuma ba a wucewa gaba sai wannan ya zauna. A nemi zama tare da malamin a darasi guda. Idan ya ce yaron ya kalli hoto ya cinki kalmar, a nemi wani. Farawa da rubutun Hausa na iya sauƙaƙa aikin, tunda haruffanta sun fi na Turanci tsayawa a kan sauti ɗaya.

Sauya makaranta ya fi tsada, kuma kyan gini ba ya nuna komai. A tambayi hedimasta yawan ɗalibai a aji, da ko ana tilasta wa yaro karatu a gaban 'yan uwansa ko dukansa kan kuskuren rubutu, da ko ana ƙara masa lokaci a jarrabawa. A Ingila ƙarin kashi 25 cikin 100 na lokaci shi ne aka fi bayarwa.

Manhajar waya mai karanta rubutu a bayyane tana taimakon ɗalibin sakandare ya bi darasin tarihi ko kimiyya, amma ba ta koya masa karatu. Tabarau mai launi kuwa, ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta bayyana a 2009 cewa babu hujjar kimiyya da ke nuna yana magance disleksiya, don haka gara a tura kuɗinsa ga ƙwararren malami da zai zauna da yaron sau da yawa a mako.